Mawaƙan Laburare: Tarihin Kiɗan Masoya Harry Potter a Amurka

Tsakanin watan Yuli na 2000, lokacin da littafi na huɗu na labarin Harry Potter ya fito, da watan Yuni na 2003 da na biyar ya biyo baya, masu karatu sun yi zaman jiran shekara uku cur. Tun 1997 J.K. Rowling ta saba musu da littafi duk shekara, sai ga shi ta yi shiru. Matasan da labarin ya shiga ransu ba su naɗe hannu ba. Wasu suka shiga rubuta nasu ci gaban labarin a intanet, wasu suka kama zane, wasu kuma suka ɗauki jita. Daga cikin waɗannan na ƙarshe ne wani salon kiɗa ya tsiro a Amurka, wanda masu shi suka raɗa wa suna wizard rock, kiɗan rok da dukkan waƙoƙinsa ke magana a kan mutane da al'amuran wannan ƙagaggen labari na yaro maraya a makarantar koyon sihiri. Abu ne mai sauƙi wanda ya ji shi daga nesa ya ce ai wasan yara ne, ba shi da ƙa'ida balle a auna shi. Ni ban yarda da haka ba. Ƙa'ida tana nan, mai tsauri ma, illa dai ba irin wadda masu sharhin kiɗa suka saba riƙewa ba ce, kuma tarihin ƙungiyar da ta share wannan hanya ya isa hujja.

Ƙungiyar ita ce Harry and the Potters, ta wa da ƙani, Paul da Joe DeGeorge, mutanen garin Norwood da ke kusa da Boston a jihar Massachusetts. Ran 22 ga Yuni 2002 Joe, wanda a lokacin ɗan sakandare ne, ya shirya wasa a wani ɗan ɗakin ajiya da ke bayan gidansu, ya gayyaci wasu makaɗa, suka ƙi zuwa. Paul, wanda ya girme shi da kimanin shekara takwas, ya daɗe da tunanin yadda abin zai kasance in Harry ya kafa ƙungiyar kiɗa. Suka zauna, cikin kamar awa ɗaya suka tsara waƙa bakwai, suka fito suka rera wa mutum shida da suka rage ba su watse ba. Mai son kushe abin zai tsaya nan ya ce to ga shi, waƙa bakwai a awa guda, wane inganci ake nema? Amma saurin nan yana da dalili, kuma dalilin shi ne ainihin abin lura. Kafin su rubuta kalma ɗaya sun riga sun yanke hukunci a kan tambayar da ta fi ba marubucin waƙa wahala: wane ne yake magana a cikin waƙar?

Amsarsu ita ce Harry ne yake magana, kuma su biyun duk Harry ne, Joe a matsayin Harry na shekara ta huɗu a makaranta, Paul kuma na shekara ta bakwai, a bisa cewa ya dawo baya cikin lokaci ya haɗu da kansa. Suna hawa dandamali da farar riga da suwaita ruwan toka, da laktaye mai ratsin ja da ruwan zinare, da tabarau mai zagayayyen ido. Shigar ba ita ce muhimmiya ba. Abin da wannan shawara ta haifar a wajen rubutu shi ne doka: waƙa ba za ta faɗi abin da Harry bai sani ba, ba za ta yi magana da bakin da ba nasa ba, ba kuma za ta tsaya gefe tana ba da labari kamar mai taƙaita littafi ba. Ana ganin tasirin dokar in aka jera faya-fayansu. Na farko, wanda suka ɗauka a gida ya fito a 2003, waƙoƙinsa gajeru ne, da ƙaramin fiyano mai arha, cike da ruɗanin yaro da bai gama gane duniya ba. Na biyu, Voldemort Can't Stop the Rock!, ya fito a 2004 bayan littafi na biyar, inda Harry ya zama saurayi mai fushi, hukuma na ƙaryata shi, jarida na ɓata masa suna. Sai kiɗan ya ƙara zafi da ƙara, har da waƙar da ta caccaki Cornelius Fudge, ministan da ya gwammace ya rufe gaskiya da ya amince cewa haɗari ya dawo. A Amurka ta 2004, shekarar zaɓe kuma ana tsakiyar yaƙin Iraƙi, ba sai an yi wa mai sauraro fashin baƙi ba. Na uku, Harry and the Potters and the Power of Love na 2006, ya bi littafi na shida da soyayyarsa da rasuwar malamin Harry, Dumbledore, kiɗan ya faɗaɗa ya yi nauyi. Wato salon ya girma tare da mai maganar.

Abin da ya ƙara tabbatar mini cewa wannan ƙa'idar aiki ce ta gaske shi ne yadda wasu suka ɗauke ta suka yi amfani da ita ta ba da sakamako daban. Brian Ross da Bradley Mehlenbacher daga jihar Rhode Island sun kafa Draco and the Malfoys, suna waƙa da bakin abokin gabar Harry, ɗan masu kuɗi mai girman kai, wanda a waƙarsu mai suna My Dad Is Rich yake yi wa Harry gorin maraici. Waƙar ba ta da daɗin ji a zuciya, kuma haka ya kamata, don da ta yi laushi da ta ci amanar Draco. Matt Maggiacomo, da sunan The Whomping Willows, ya ɗauki muryar wata bishiya mai dukan mutane da ke harabar makarantar. Lauren Fairweather da Nina Jankowicz suka zama The Moaning Myrtles, fatalwar yarinyar da ke kuka a banɗaki. Kowannensu ya ɗaure kansa da hali ɗaya da harshe ɗaya, kuma abin da masoya ke dubawa shi ne ko ya ga wani abu a cikin wannan hali da littafin ya nuna amma bai faɗa ba.

Ƙa'ida ta biyu wurin wasa ne ya kafa ta. A Amurka yawancin ƙananan ƙungiyoyin rok a mashaya suke wasa, inda doka ta hana wanda bai kai shekara 21 ba sayen giya, sau da yawa ma ba a barinsa ya shiga. Masoyan Harry kuwa yawancinsu yara ne da matasa. Don haka 'yan'uwan nan suka juya ga laburare da shagunan littattafai, suka riƙa zagaya Amurka a mota lokacin hutun bazara, suna kafa lasifika a tsakanin kantocin littattafai, iyaye na tsaye a baya, yara a gaba. Wannan ba sabon tunani ba ne, gado ne daga al'adar makaɗan punk masu dogaro da kai, irin su Fugazi na birnin Washington, waɗanda suka yi suna wajen yin wasan da kowane mai shekaru zai shiga a kan dala biyar, suna fitar da faya-fayansu ta kamfaninsu na Dischord. Amma laburare yana da nasa sharuɗɗan da suka fi na mashaya tsanani. Baƙar magana da batsa ba su da wuri. Dole a ji kalmomi sarai, don don su aka zo. Dole amshi ya yi sauƙin da ɗan shekara tara zai kama a karo na biyu, amma kada ya yi wautar da 'yar shekara goma sha bakwai za ta ji kunyar rerawa. Sannan ga babban alƙali: masu sauraron da suka karanta littafin sau uku sau huɗu, waɗanda in ka sa magana a bakin wanda bai faɗe ta ba, nan take za su gane. Duk wanda ya taɓa yi wa yara tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ya san wannan matsi. Sun san labarin, ba su yarda ka canza shi ba, kuma ba su yarda ka ba da shi babu armashi ba.

Suka na farko da ake yi wa wannan salon shi ne cewa duk wannan cin arziƙin wani ne, wata ta ƙirƙiro duniya, wasu suka zo suka yi shimfiɗa a ciki. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, amma sukar ta haɗa abubuwa biyu da suka bambanta, kwafe da sarrafawa. Tun shekarun 1950 masoyan labaran ƙagaggen kimiyya ke rera waƙoƙi a tarurrukansu a kan littattafan da suke so, al'adar da suke kira filk, kuma Led Zeppelin da kansu sun ambaci mutane da wurare daga littattafan Tolkien a waƙarsu Ramble On ta 1969 ba wanda ya ce sun gaza. A cikin duniyar Harry ɗin ma an taɓa gwada wannan iyaka a gaban shari'a. A 2008 wata kotun tarayya a New York ta hana kamfanin RDR Books buga kundin bayani na Harry Potter Lexicon a yadda aka tsara shi, saboda ya kwaso kalmomin Rowling da yawa ba tare da ya mai da su wani abu sabo ba. Waƙar da ta ɗauki shafi biyu na littafi ta mai da su kukan zuci na minti biyu, da sabon kari da sababbin kalmomi, aiki ne na wani jinsi dabam. Kamfanin Warner Bros., wanda ke riƙe da haƙƙin fina-finan, ya tuntuɓi 'yan'uwan, aka cim ma fahimtar da ta bar su suna wasa suna sayar da kiɗansu, tare da taƙaita sayar da riguna da makamantansu. Wannan ba hukuncin kotu ba ne, amma ya nuna inda mai haƙƙin kansa ya ga barazana da inda bai gani ba.

Suka na biyu ya fi nauyi, kuma ba zan kauce masa ba. Daga wajen 2005 shafin MySpace ya ba kowa damar ɗora waƙa kyauta, ƙungiyoyin wizard rock suka kai ɗaruruwa, kuma da yawansu muryar ba ta zauna ba, jitar ba a saita ta ba, ɗaukar sautin a ɗakin kwana aka yi ta. Manyan salon da kansu ƙarfafa wannan suka yi, suna ce wa yara su kafa tasu ƙungiyar. Har wasu yara ƙanana biyu 'yan gida ɗaya, The Hungarian Horntails, sun riƙa hawa dandamali suna ihu da sunan dodanni. To ina ƙa'idar? Amsata ita ce buɗe ƙofa daban, rashin ma'auni daban. Kowa na iya shiga, amma ba kowa aka riƙa gayyata rangadi ba, ba kuma kowace waƙa ce jama'a suka haddace ba. A 2007 Paul ya kafa wani tsari na fitar da ƙaramin faifai duk wata daga zaɓaɓɓun ƙungiyoyi, kuɗin na tafiya ga aikin raba wa yara littattafai, kuma zaɓe ai tacewa ne. Game da kaushin sautin kuwa, ba kullum ba ne alamar kasawa. Joe ya zama mai busa saksofon a ƙungiyar Downtown Boys, wadda kamfanin Sub Pop ya fitar wa faifai a 2017, don haka ba rashin iya kiɗa ne ya sa ya zaɓi sauƙi ba. Kuma ga ribar da buɗe ƙofar ta kawo wadda ma'aunin gwaninta zalla ba zai taɓa kawowa ba: 'yan mata da yawa, waɗanda fagen rok ya saba mayarwa 'yan kallo, a nan suka fara rubuta waƙa suka tsaya gaban jama'a. A wurina wannan kaɗai ya biya kuɗin waƙoƙi marasa daɗi da aka jure.

Suka na uku shi ne wanda ba ni da cikakkiyar amsarsa da za ta wanke salon, don gaskiya ne. Waƙar da ƙarfinta ya dogara ga sanin littafi, rayuwarta a ɗaure take da littafin. A daren 20 ga Yuli 2007, sa'o'i kafin fitowar littafi na bakwai, Harry and the Potters sun yi wasa a harabar Jami'ar Harvard gaban dubban mutane, kuma a wannan shekarar aka fara bikin Wrockstock a jihar Missouri. Ƙololuwar ke nan. Da labarin ya ƙare, jiran da ke hura wutar ya ƙare, masoya suka girma, ƙungiyoyi da dama suka yi shiru, wasu makaɗan suka koma rubuta waƙa da bakin kansu. Wanda bai san Ginny Weasley ta cikin labarin ba ba zai ji abin da mai saninta ke ji a waƙar da aka yi a kanta ba, komai kyan karinta. Sai dai wannan iyaka ce ta yawan masu sauraro, ba hujja ba ce cewa an yi aikin da sakaci. 'Yan'uwan DeGeorge ba su yi gaggawar cin kasuwar littafi na bakwai da cikakken faifai ba. Sai a 2019, shekara goma sha biyu bayan fitowarsa, suka saki Lumos, wanda ya ɗauki ɓangaren labarin da azzalumai suka ƙwace gwamnati suna farautar mutane saboda asalinsu, a lokacin da suka ga maganar ta dace da halin da ƙasarsu ke ciki.

A watan Maris na wannan shekarar ta 2019 ne kuma MySpace ya amsa cewa waƙoƙin da aka ɗora masa na tsawon shekaru fiye da goma sun salwanta a wajen sauya ma'ajiyar bayanai. Manyan ƙungiyoyin da suka buga faifai ba su yi asara sosai ba. Waɗanda abin ya shafa su ne ƙananan, masu waƙa biyu ko uku da aka ɗauka a ɗakin kwana, waɗanda ba su da wani mazauni sai wannan shafi. Duk mai son auna salon yau zai auna shi ne da abin da aka buga a faifai da abin da wasu masoya suka adana a kwamfutocinsu.