Inna Mai Keke: Tarihin da Babu Shi a Littafin Lakwal

A ƙasar Hausa ta da, ɗinki aikin maza ne. Mata su gurje auduga, su yi kaɗi da mazari, su fidda zare. Maza su saƙa, su ɗinka riga da wando, malamai da almajirai kuma su zauna zaure suna yi wa babbar riga aiki. Yau kuwa duk unguwar da ka shiga a Maraɗi, Damagaram ko Tawa, sai ka jiyo ƙarar keke daga cikin gida, kuma mace ce bisa kansa. Wanga canji yana da masu shi. Ɗaya daga cikinsu kakata ce, wadda ta riƙe ni, wadda unguwa duka ke kira Inna mai keke. Bara Allah ya yi mata rasuwa, shekarunta sun haura tamanin.

Takardarta ta ce an haife ta "wajen 1940", kamar yawancin tsaranta, don lokacin ba a rubuta ranar haihuwar talaka. Ba ta yi lakwal ba. Sa'adda Nijar ta samu ƴancin kai a 1960, tana ɗakin miji da goyo. Cikin waɗannan shekaru gwamnatin Diori Hamani ta baza ma'aikatan wayar da kai, aka riƙa tara mata ana koya musu tsabta, renon yara da ɗinki. Maza da yawa sun hana matansu zuwa. Kakana ya bari, bisa sharaɗin a gama tuwo tukuna. Kuɗin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ta tara, ta haɗa da na adashe, ta sayi tsohon Singer na hannu.

Kalmomin bakinta ma tarihi ne. Allura da almakashi Larabci ne, sun biyo ayarin hamada tun tuni. Tela daga Ingilishi ya zo, ya hauro ta Kano da Katsina. Santimita da "kutur" kuwa na Faransanci ne, daga ajin koyon ɗinki ta ɗauko su. Duka takan zuba su cikin magana guda, ba ta taɓa jin wani baƙo ne a cikinsu ba.

Fari na 1973 da 1974 ya karya noman gyaɗa, hannun kakana ya yi sanyi, keken nan ya riƙe gidan. Ya sake riƙe shi a 1984, shekarar yunwar da mutanenmu suka sa wa suna El-Buhari, don ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya. Babu mai ɗinka sabo, sai banki da ƙwaƙwalwar gyara. Wani ya biya da dala, wani da tiyar hatsi, wani da "Allah ya saka". Ƴaƴa bakwai ta ciyar a haka, huɗu nata, ukku na kishiyarta da ta rasu. Har suka girma baƙo bai iya rarrabe su.

A wannan lokaci ne ta buɗe zaurenta ga ƴan mata: waɗanda aka kora daga lakwal, da zawarawa, da ɗiyan maƙwabta. Wata ukku ba ka taɓa keke. Takardar buhun siminti za ka yi ta yankawa har hannunka ya faɗa. In ɗinki ya karkace sai ta miƙo reza ta ce, "Ɗiyata, farke. Mai zane ba ya yafe miki don kina yarinya." Ba ta karɓar kuɗin koyo. Abin da take nema ɗaya ne: wadda ta iya ta koya wa wata.

A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Zare, allura da atamfa suka yi tsada, jama'a suka koma ga bosho. Teloli da dama sun rufe. Inna ta sauya darasi, ta koya wa ɗalibbanta rage bosho da mai da rigar babba ta yaro. Bayan haka sai ga kasuwar anko, har da na 13 ga Mayu, ranar matan Nijar, wadda ke tuna tattakin da mata suka yi a Yamai a 1991 suna neman a ba su kujeru a shirin Taron Ƙasa. Ita ba ta je Yamai ba, amma shekara da shekaru ɗiyanta na keke ne ke kwana ɗinkin wannan rana.

Ido ya raunana, ta bar keke, ba ta bar koyarwa ba. Da yatsa take bin ɗinki ta ce a nan aka yi gaggawa. Ranar sadakar ukku, matan da suka cika tsakar gida sun fi dangi yawa, kowace na faɗin shekarar da ta zauna zauren.

Ƴan uwana ɗalibbai, mun hardace shekarun juyin mulki, 1974, 1996, 1999, amma wa ya ciyar da gidajenmu tsakanin waɗannan shekaru? Masu amsar na nan da rai a ɗakunan bayan gida, kuma kullum raguwa suke. Hutun nan, kowa ya ɗauki salula ya zauna gaban tsohuwarsa, ya tambaye ta da me ta fara sana'a, nawa ta saye shi, wa ya koya mata. A rubuta da Hausa, da kalmominta.

Allah ya jiƙan Inna, ya kai haske kabarinta. Amin.