Gasar ƙwallon kwando ta jami'o'in Amurka: abin da ya kamata a sani

Matasa da dama nan Gaweye na tambayarmu wace gasa ce ake kira March Madness. To, gasar ƙwallon kwando ce ta jami'o'in Amurka, wadda hukumar NCAA ke shiryawa daga tsakiyar Maris zuwa farkon Afrilu. An soma ta a 1939 da ƙungiyoyi 8, jami'ar Oregon ta ɗauki kofin farko. A 2011 adadin ya kai 68.

Dokarta ɗaya ce: wanda aka doke sau ɗaya, ya koma gida. Huɗun da suka rage su ne Final Four. UCLA ce ke gaba da kofi 11.

Mu ƴan Afirka ma muna da abin tunawa. Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, ya kai wasan ƙarshe da jami'ar Houston a 1983 da 1984, bai ci kofin ba, amma daga nan ya shiga NBA.

Mai son kallo ya shirya kwana ido biyu: Yamai na gaban New York da awa 5 a lokacin, wasan ƙarshe kan faɗo wajen ƙarfe 2 na dare.