Duwatsun Wuya da Tarihin Ƙasar Nok

Sau da yawa akan jingina abin wuya ga al'ummar da aka gan shi a wuyanta. Wannan hukunci yana da rauni, domin dutsen ado matafiyi ne.

A shekarar 1943, aka kai wa Bernard Fagg wani kan mutum-mutumi na yumɓu da aka tono a wajen haƙar kuza a ƙasar Jama'a, kusa da Kafanchan. Ya lura ya yi kama da wanda aka samu a ƙauyen Nok a 1928. Ire-iren waɗannan gumaka, masu shekaru fiye da 2,000, suna ɗauke da siffar duwatsu jere-jere a wuya da ƙugu. Ashe ado ya girmi fataucin Hausawa a wannan yanki.

Daga baya fatake suka cakuɗa kayan ado a kasuwanni. Jan dutsen lantana daga ƙasar Nijar ta yau ake haƙo shi, Hausawa su kai Ilori a huda a goge. Masagan Bida na narka gilashi, wani jan dutsen kuwa daga Kambay ta Indiya yake.

Saboda haka, mai nazari zai dubi irin dutsen, da yadda aka huda shi, da zurfin ƙasar da ya kwanta. Wannan shaida ta ƙarshe ita ɓarayin kayan tarihi ke rusawa a Kudancin Kaduna. Dutsen da aka tono a ɓoye ya zama bebe.