Sulhun Chadi a Kano, 1979: Tarihin da Muke Wucewa ta Gefensa

 

Duk mai sauraron labaran duniya a rediyo ya saba jin sunan Jean-Pierre Lacroix, Bafaranshen da yake shugabantar sashen kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya tun 2017. Tun daga 1997 kujerar nan ba ta bar hannun Faransawa ba: Bernard Miyet, sai Jean-Marie Guéhenno daga 2000 zuwa 2008, sai Alain Le Roy, sai Hervé Ladsous, sannan Lacroix. Wannan ya sa da yawanmu muke ɗaukar aikin shiga tsakanin mayaƙa a matsayin sana'ar Turawa, wadda ake yi a New York da Paris. Alhali kuwa a nan Kano an taɓa gwada shi, kuma a ƙasar da Faransa take ganin gonarta ce.

Mu a Dagumawa Chadi ba baƙuwarmu ba ce. Titin da ya ratsa Wudil shi ne yake miƙewa har Maiduguri, daga can a kama hanyar Gamboru, a ratsa Kamaru a tsallaka Injamena. Cikin shanun da suke cika karar Wudil ranar Juma'a akwai waɗanda daga can aka taso su. Idan wuta ta kama a Chadi, hayaƙinta yana iso mu.

Chadi ta sami 'yancin kai ranar 11 ga Agusta 1960 a ƙarƙashin François Tombalbaye, ɗan kudu. A 1965 manoman Mangalme suka yi bore saboda zaluncin masu karɓar haraji, a 1966 kuma aka kafa ƙungiyar tawaye ta FROLINAT a Nyala ta ƙasar Sudan. Sojoji suka kashe Tombalbaye a 1975, Janar Félix Malloum ya hau. Su ma 'yan tawayen suka dare gida-gida. Goukouni Oueddei ya jingina da Gaddafi na Libiya, Hissène Habré kuwa ya ƙi jinin Libiya saboda ta mamaye yankin Aouzou. A watan Agusta 1978 Malloum ya jawo Habré ya naɗa shi firaminista. Zaman bai yi wata shida ba, ranar 12 ga Fabrairu 1979 dakarun shugaban ƙasa da na firaministansa suka buɗe wa juna wuta a tsakiyar Injamena. Sojojin Faransa suna cikin garin, amma ba su tsaya wa Malloum ba. Rikicin ya koma na kudu da arewa, aka kashe farar hula masu yawa a ɓangarorin biyu.

A nan ne gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo da mataimakinsa Shehu Musa 'Yar'aduwa ta kira taro a Kano cikin watan Maris 1979. Dalilinta a fili yake. Tana da iyaka da Chadi a bakin tafki, ba ta son ganin sojojin Gaddafi a ƙofar Borno, ba ta kuma son Faransa ta ci gaba da yanke hukunci a maƙwabta. Ɓangarori huɗu suka zauna: na Malloum, na Habré, na Goukouni, da wata ƙaramar ƙungiya ta yankin tafkin Chadi mai suna MPLT, wadda ake ganin Najeriya ce take ɗaure mata gindi. Libiya da Sudan da Nijar da Kamaru suka aiko wakilai.

A tsakiyar watan aka sa hannu. Yarjejeniyar Kano ta ce a tsagaita wuta, a janye mayaƙa daga Injamena, a saki fursunoni, a yi afuwa, Malloum da Habré su sauka, a kafa gwamnatin riƙon ƙwarya ta haɗin kan ƙasa, sojojin Najeriya kuma su shiga a matsayin 'yan ba-ruwanmu su sa ido. Malloum ya cika alkawari. Ya sauka ranar 23 ga Maris, ya yi hijira zuwa Najeriya, bai koma gida ba sai 2002.

Amma tsugune ba ta ƙare ba. Da labari ya bazu cewa duk mai bindiga yana da kujera a teburin rabo, sai ƙungiyoyin da ba a gayyata ba suka taso, ciki har da ta Abba Siddick da ta Ahmat Acyl mai samun goyon bayan Libiya. Aka sake zama a Kano a watan Afrilu. Goukouni da Habré suka ƙi yarda a ƙara masu cin tuwon, taron ya watse ba a cimma komai ba. Suna komawa gida suka kafa tasu gwamnati, suka ɗora Lol Mahamat Choua a kai. Najeriya ta ƙi amincewa da ita, har ta toshe wa Chadi man fetur. Daga ranar nan mayaƙan suka daina kallon sojojinmu a matsayin masu raba faɗa. Ɗaruruwan sojojin da aka tura ba su da ƙarfin fitar da kowa daga birnin, waɗanda suka gayyace su kuma sun juya musu baya. A watan Yuni suka dawo gida.

An sake gwadawa a Legas, inda ƙungiyoyi 11 suka sa hannu ranar 21 ga Agusta 1979. Goukouni ya zama shugaba, Habré ministan tsaro. A watan Maris 1980 suka sake gwabzawa, dubban mutane suka tsallaka kogin Chari zuwa Kusuri ta Kamaru, wasu suka gangaro Najeriya. Faransa ta kwashe sojojinta a watan Mayu, Libiya ta shigo da nata a ƙarshen shekarar. A ƙarshen 1981 Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta tura rundunar Najeriya da Senegal da Zaire a ƙarƙashin Manjo Janar Geoffrey Ejiga. Ba kuɗi, ba kuma matsaya ɗaya a kan ko aikinsu kare gwamnati ne ko tsayawa a tsakiya. Suna nan Habré ya kama Injamena ranar 7 ga Yuni 1982. Ya yi mulki har 1990, kuma a 2016 wata kotu ta musamman a Dakar ta yanke masa ɗaurin rai da rai saboda kisa da azabtarwar zamaninsa.

Abin lura shi ne, matsalolin da suka kayar da sulhun Kano su ne rahoton Lakhdar Brahimi ya lissafa wa Majalisar Ɗinkin Duniya a 2000, shekarar da Guéhenno ya kama aiki: kada a tura soja ba tare da umarni bayyananne da kayan aiki isassu ba, kuma sa hannun shugabanni a takarda ba ya nufin sun ajiye makami. A zamaninsa aka tura runduna gabashin Chadi, aka kuma kafa ta Darfur a 2007, wadda Janar Martin Luther Agwai na Najeriya ya fara jagoranta. Abin da suka rubuta a ofis, sojojinmu sun riga sun ɗanɗana shi a titunan Injamena shekara ashirin kafin nan.

To, ina marubutanmu? Ga shugaban ƙasa da ya zo Kano da rawaninsa ya koma ba shi. Ga kurtun soja da aka aika raba faɗa, kowane ɓangare yana harararsa. Ga uwa da ta tsallaka kogi da goyo. Waɗanda suka ga wannan zamani da idonsu sun haura sittin yanzu, kullum kuma raguwa suke yi. Akwai su cikin tsofaffin sojojin unguwanninmu, akwai su cikin fataken shanu da direbobin hanyar Maiduguri. Mai son rubuta labarin nan ya ɗauki littafi da biro ya shiga kara ranar Juma'a, ya gaida dattawa, ya nemi izini, ya saurara. Ya riƙa rubuta shekara da sunan gari daidai, ya kuma gwada abin da aka faɗa masa da abin da yake rubuce kafin ya saka a littafi.

Wanda yake da labarin wani nasa da ya je Chadi a 1979 ko 1981, muna jiran ji daga gare shi. Allah Ya ba ƙasashenmu zaman lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.