Yadda Awon Hawan Jini Ya Iso Zangonmu

Iyayenmu da suka gangaro daga Kano da Katsina da Zazzau suka zauna nan Agyaragu, a kan hanyar Lafiya zuwa Makurɗi, fatauci ne ya kawo su. Sun zo da mudu da tiya, suka tarar ana ƙirga doya ƙwarya-ƙwarya. Ba su sayen komai sai da awo. Amma jinin da ke jikinsu ba su da ma'auninsa.

Muna yara, in dattijo ya yanke jiki ya faɗi, ya farfaɗo baki a karkace, ɓarin jiki ya shanye, sai a ce iska ta buge shi ko jifa aka yi masa. A kira wanzami ya yi ƙaho, a kawo rubutu, a yi hayaƙi. Ba mu raina ƙoƙarinsu ba, iyakar saninsu ke nan. Yau mun gane da yawansu hawan jini ne ya kayar da su.

To, daga ina awon ya samo asali? Likitocin Musulmi na da, irin su Ibnu Sina, sun yi dogon bayani a kan bugun jijiyar hannu. Ibnun Nafis, wanda ya rasu a Alƙahira a 1288, ya bayyana yadda jini ke ratsa huhu. Amma auna ƙarfin da jini ke tura bangon jijiya, wani limamin coci ne a Ingila, Stephen Hales, ya fara. A 1733 ya wallafa yadda ya haɗa dogon bututun gilashi da jijiyar goɗiya, jinin ya hau sama da ƙafa 8. Wa zai yarda a yi masa haka? Sai a 1896 likitan Italiya, Riva-Rocci, ya fito da ɗamarar da ake ɗaurawa a damtse a hura mata iska. A 1905 likitan sojan Rasha, Korotkof, ya gano cewa in an saurari jijiya ana sassauta iskar, za a sami lamba biyu: ta sama lokacin da zuciya ta matsa, ta ƙasa lokacin da ta saki.

Ko da ma'auni ya samu, an daɗe ba a ɗauki cutar da muhimmanci ba. Shugaban Amurka Roosevelt jini ne ya fashe masa a ƙwaƙwalwa a 1945, bayan shekaru jininsa na hawa, ga likitoci kewaye da shi. A 1929 wani likitan Ingila, Donnison, ya rubuta daga Kenya cewa bai ga cutar ba a cikin 'yan ƙasar da ya duba. Malaman Ibadan, musamman Farfesa Akinkugbe da littafinsa na 1972, su suka nuna cewa tana nan a cikinmu, kuma tana lalata ƙoda da zuciya.

Mu nan, a da sai ciwo ya kwantar da mutum a kai shi Lafiya kafin a ɗaura masa ɗamarar. Da aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa a 1996, Lafiya ta zama babban birni, asibitoci suka ƙaru, ga na Dalhatu Araf. Yanzu na'ura mai batir tana kemis, mutum ma zai iya sayen tasa. Duk da haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 babba ɗaya cikin uku na da hawan jini, kusan rabinsu ba su sani ba. Mun sallaci gawar wani abokin cinikinmu wanda da safe muka yi lodin doya tare, lafiyarsa ƙalau a ido. Ajali na Allah ne, amma neman magani ma umarni ne.

Matsalar ita ce sau da yawa cutar ba ta ciwo. Jiran ciwon kai ko jiri yaudarar kai ne. Ga yadda ake yi: ka bar goro da kofi da taba rabin awa, ka zauna minti 5 ka jingina, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ban da hira. In awo ya kai 140 a kan 90 a ranaku daban-daban, sai ganin likita. In ya kai 180 a kan 120, kada a kwana. Mai juna biyu kuwa kada ta yi wasa da zuwa awo. Wanda aka ɗora a kan magani kada ya bari don ya ji sauƙi, kuma a rage gishiri da dunƙule a miya, gishirin yini kada ya wuce ƙaramin cokali ɗaya.

Shawararmu, 'yan'uwa, mu yi karo-karo mu sayi na'ura ɗaya a ajiye a zauren masallaci, mu nemi ma'aikacin lafiya ya koya wa samarinmu, a kuma ware rana a shiga da ita gidaje don iyayenmu mata. Kowa ya riƙa rubuta lambarsa da kwanan wata, kamar yadda muke rubuta bashi, ya tafi da takardar ranar ganin likita. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Amin.