Bayan sankarau ya saki wuya, sai gwiwa ta kumbura

Tsakanin 1 ga Nuwamba 2022 da 27 ga Janairu 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga mutum 559 da sankarau ya kama a jihar Damagaram, 18 suka rasu. Dungas ce ta fi jin jiki, Magariya ma ba ta tsira ba. Ba baƙon abu ba ne a nan. Tun 1963 wani likitan sojan Faransa, Léon Lapeyssonnie, ya zana taswirar yankin da cutar ke addaba duk rani, ƙasar Hausa kuwa na cikinsa tsundum.

Akwai abin da ƙidaya ba ta faɗa. Yaro ya sha allurai, zazzaɓi ya sauka, wuya ya saki, an fara hamdala. Bayan kamar mako guda sai gwiwa ko gwiwar hannu ta kumbura, jiki ya sake ɗumi. Uwa ta ce cuta ta dawo, kaka ta ce jifa ne.

A Zariya aka bi diddigin lamarin. Farkon shekarun 1970, likitocin Jami'ar Ahmadu Bello, cikinsu har da Hilton Whittle da Brian Greenwood, suka lura da irin waɗannan marasa lafiya, wasu da ƙuraje a fata, wasu da jan ido. Da suka zuƙo ruwan gaɓar, ba su samu ƙwayar cuta mai rai ba. Ɓurɓushin ƙwayar suka gani, tare da sinadaran da garkuwar jiki ta ƙera don yaƙarta. Su biyun ke manne wa juna, su kwanta a gaɓa, su tayar da kumburi. Wato an gama yaƙi, dakarun gida ne ke ɓarna. Mujallar British Medical Journal ta buga bincikensu a 1973.

Shekara goma kafin haka, Philip Gell da Robin Coombs na Ingila sun kasa wannan wuce gona da iri na garkuwar jiki gida huɗu, kuma kumburin bayan sankarau a gida na uku ya faɗa. Na farko kowa ya san shi: borin jini, asma, da mutumin da zuma ta harba numfashinsa ya sarƙe cikin mintuna. Na biyu shi ke aukuwa idan aka ƙara wa mutum jinin da ba irin nasa ba. Na huɗu ba ya gaggawa, sai bayan kwana biyu ko uku, kamar tudun da gwajin tarin fuka ke tayarwa a hannu, ko ƙurajen da baƙin lalle mai haɗin rini ke bar wa amare.

A ganina amfanin aikin Zariya ya fi fitowa a asibitin karkara, inda magani ke da tsada, hanya kuma da nisa. Irin wannan kumburi yawanci maganin rage kumburi da hutu ke kwantar da shi, ba ya barin nakasa. Sai dai ƙwayar sankarau kanta tana iya shiga gaɓa ta tara mugunya, galibi tun farkon ciwo, kuma ido kaɗai ba ya raba su. Shi ya sa likita ke tambayar ranar da gwiwar ta fara, in ya yi shakka ya sa allura ya zuƙo ruwan.