Tashar Kourou: Tarihin Kuɗin Jama'a da Harajin Gida a Filin Harba Rokokin Faransa

Tashar harba rokoki ta Kourou tana yankin Guyana ta Faransa, a gabar arewa maso gabashin Kudancin Amurka, tsakanin Birazil da Suriname. Daga nan ne Turai ke aika taurarin ɗan Adam zuwa sararin samaniya, nata da na masu biyan kuɗi. Ana kiranta tashar kasuwanci, amma tun kafuwarta baitulmali ne ke ɗauke da ita, kuma galibi a birnin Paris ake yanke shawarar kuɗinta, inda hukumar sararin samaniya ta Faransa, CNES, da takwararta ta Turai, ESA, suke da hedikwata. Saboda haka ɗan kasuwar Château Rouge a Paris ko na unguwar Guillotière a Lyon, muddin yana biyan haraji, yana da ɗan kasonsa a cikinta.

Kafin Kourou, Faransa tana gwajin rokokinta ne a Hammaguir, cikin hamadar Aljeriya. Yarjejeniyar Evian ta 1962, wadda ta share fagen 'yancin Aljeriya, ta ba ta izinin ci gaba da amfani da filin zuwa 1967 kawai. Daga can ta harba tauraronta na farko, Astérix, ranar 26 ga Nuwamba 1965. Tun kafin wa'adin ya cika, CNES, wadda aka kafa a 1961, ta bincika wurare fiye da goma, a watan Afrilu 1964 kuma gwamnatin Janar de Gaulle ta tsaya a kan Kourou.

Dalilan zaɓen a fili suke. Garin yana kusa da layin da ya raba duniya biyu, digiri 5 kawai arewa da shi, inda juyawar ƙasa ke ƙara wa rokar da aka harba gabas gudun kusan mita 460 a kowace daƙiƙa. Hakan na rage mai, ya ba da damar ƙara kaya. Teku ne shimfiɗe a gabas da arewa, don haka tarkacen roka ba ya faɗa wa gari, kuma guguwar teku ba ta cika ratsa yankin ba. Sannan Guyana jiha ce ta Faransa tun 1946, ba a tsoron sake tashi irin na Aljeriya.

A lokacin Kourou ƙauye ne na 'yan ɗaruruwan mutane. Da kuɗin gwamnati aka yi hanyoyi, da gadoji, da tashar jiragen ruwa ta Pariacabo, da sabon gari na ma'aikata. An keɓe fili mai faɗin kusan murabba'in kilomita 700, aka tashi iyalai manoma da makiyaya, musamman na Malmanoury, aka maida su gidajen cikin gari nesa da gonakinsu. Har yau ba a manta da wannan ba a yankin. Roka ta farko, Véronique, ta tashi ranar 9 ga Afrilu 1968.

Nauyin ya fi ƙarfin ƙasa ɗaya. Bayan rokar haɗin gwiwar Turai mai suna Europa ta tarwatse a 1971, ƙasashen Turai suka sake shiri, suka kafa ESA a 1975, Faransa ta buɗe musu tashar bisa sharaɗin a raba ɗawainiya. Tsarin da ya daɗe ana bi shi ne ESA ta biya kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin gudanarwa, Faransa ta cika sauran. Akwai kuma ƙa'idar cewa kowace ƙasa za a ba kamfanoninta kwangila daidai gwargwadon abin da ta zuba. Shi ya sa ake ƙera sassan roka a warwatse: babbar gangar rokar Ariane 6 a Les Mureaux kusa da Paris, injinta a Vernon, sashenta na sama kuma a Bremen ta Jamus, sannan jirgin ruwa mai filafilan iska, Canopée, ya kwashe su ya haye da su teku.

Ariane ta farko ta tashi ranar 24 ga Disamba 1979, a 1980 kuma aka kafa kamfanin Arianespace domin sayar da hidimar harbawa. Afirka ma ta shiga sahun masu saye: tauraron Nilesat 101 na Masar a 1998, da na Rascom a 2007 da 2010. Duk da ciniki, tallafi bai yanke ba. Da gasar kamfanin SpaceX ta yi tsanani, ministocin ESA suka amince a Seville a 2023 da tallafa wa Ariane 6 da kuɗin da zai iya kai yuro miliyan 340 a shekara. Rokar ta fara tashi ranar 9 ga Yuli 2024.

Rabon mutanen gida kuwa ta ƙofar haraji yake zuwa. A Guyana ba a karɓar harajin TVA da ake biya a shagunan Paris. Abin da ƙananan hukumomi suka fi dogara da shi shi ne octroi de mer, tsohon harajin kayan da suka shigo ta teku, wanda asalinsa ya koma ƙarni na 17. Harkar tashar na cikin manyan hanyoyin da ke kawo shi. Hukumar ƙididdiga ta Insee ta kiyasta cewa a 2014 harkar ta samar da kusan kashi 15 cikin 100 na arzikin yankin.

Wannan bai kashe ƙorafi ba, domin talauci da rashin aikin yi a Guyana sun zarce na sauran Faransa nesa ba kusa ba. A watan Maris 2017 yajin aiki ya game yankin, masu zanga-zanga suka datse hanyar shiga tashar, suna neman tsaro da makarantu da asibitoci. Rokar Ariane 5 da ke ɗauke da taurarin Birazil da Koriya ta Kudu ta yi zaman jira har 4 ga Mayu. Yarjejeniyar 21 ga Afrilu ta tabbatar da shirin gaggawa na sama da yuro biliyan 1 daga gwamnati.

A yanzu CNES na gyara tsohon filin rokar Diamant domin ƙananan kamfanoni masu zaman kansu na Turai su riƙa harbawa daga can. Tsarin dai bai canza ba: hukuma ce ke shimfiɗa fili da hanya da wuta da tsaro, kamfani kuma ya zo da rokarsa ya biya kuɗin amfani.